Kalma ɗaya da lamba: wasan cankon masu tsara kiɗan kilasika ta intanet

Binta: Assalamu alaikum, masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Yau kan wasan canko za mu zauna, wanda abokai ke yi ta Zoom ko kiran WhatsApp da sunayen masu tsara kiɗan kilasika na Turai. Malam Habu, shimfiɗa mana tabarmar.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Ginshiƙinsa daga wasan katin Codenames aka aro, wanda Vlaada Chvátil ɗan ƙasar Cek ya fitar a 2015. Ana zana gida 25, biyar a tsaye biyar a kwance, kowane gida da suna ɗaya. Mutane su rabu gida biyu, ja da shuɗi, kowane ɓangare da jagora. Ɓangaren da zai fara yana da sunaye 9, ɗayan 8, sai 7 da ba na kowa ba, sai baƙin gida guda ɗaya. Wanda ya taɓa baƙin nan ya faɗi nan take.

Sadiƙ: Kuma jagororin nan biyu kaɗai suka san launin kowane gida.

Malam Habu: Su kaɗai. Jagora zai faɗi kalma ɗaya da lamba, misali "ruwa, uku". Wato akwai sunaye uku namu da ruwa ya haɗa su. Mutanensa su yi shawara, su riƙa zaɓa ɗaya bayan ɗaya. Da sun kuskure, dama ta koma hannun abokan karawa. In ba su kuskure ba, suna da damar ƙara canko ɗaya a kan lambar da aka faɗa.

Binta: Sadiƙ, kayan aiki fa?

Sadiƙ: Kaɗan ne, Yaya Binta. A buɗe shafin Google Sheets, a rubuta sunayen a gida 25, shi ne za a haska wa kowa. Makullin launukan kuwa, wato taswirar da ke nuna launin kowane gida, a wani wuri dabam ake ajiye shi. Alƙalin wasa ya yanka takarda 25, ya rubuta launi a kowace, ya cakuɗa, ya jera su biyar biyar, ya ɗauki hoto ya tura wa jagororin biyu ta WhatsApp, kowa shi kaɗai. Kada a sa makullin a shafi na biyu na wannan fayil ɗin. Hannu na zamewa, a latsa shi, kowa ya gani, wasa ya lalace. Sannan Zoom na kyauta yana yanke taro a minti 40, don haka a ba jagora daƙiƙa 90 ya yi tunani, masu canko daƙiƙa 60. Da wannan ma'aunin wasa ɗaya yakan shiga cikin lokacin. Wanda datarsa ba ta da yawa ya rufe kyamara, murya da allon sun isa.

Binta: Ni a ganina duk wannan mai sauƙi ne. Inda aikin yake shi ne zaɓen sunayen. In ka zuba sunaye 25 da babu abin da ya haɗa su, kowane jagora "ɗaya" zai riƙa cewa har a tashi, kuma ba daɗi.

Malam Habu: Nan ne zancen yake. Allo mai kyau shi ne wanda kowane suna yake da ƙofa biyu ko uku da za a shigo masa. Ɗauki "ruwa". Handel yana da kiɗan da aka yi wa Sarki George na Ɗaya a cikin jirgin ruwa a kogin Thames a 1717. Smetana yana da Vltava, kogin da ya ratsa birnin Prague. Debussy yana da La Mer, wato teku, na 1905. Johann Strauss ƙarami yana da kiɗan rawar nan na kogin Danube, 1867. Kin ga mutum huɗu. To in uku naki ne, na huɗun kuma shi ne baƙin gida, dole ki bar "ruwa" ki nemi wata hanya.

Binta: Sai in ce "kogi", in Debussy ne baƙin. Teku ba kogi ba ne, ya fita ke nan.

Malam Habu: Madalla. Irin wannan tacewar ita ce zuciyar wasan.

Sadiƙ: Akwai tarkon da sabbin shiga ke yawan faɗawa, Malam. Jagora ya ce "kurma, ɗaya", hankalinsa na kan Beethoven da ya kurumce, bai duba ya ga Smetana na kan allo ba. Shi ma Smetana ya kurumce a 1874, kuma bayan kurumtar ne ya rubuta Vltava. In akwai masani a cikin masu cankon, sai gardama ta ɓarke tsakaninsu.

Binta: Haka "farin wata". Kowa zai ruga wajen kiɗan piyanon Beethoven da ake yi wa laƙabi da farin wata, alhali Debussy na da Clair de lune, wato farin wata da Faransanci, Dvořák kuma na da waƙar da ake rera wa wata a cikin Rusalka, operarsa, wato wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa.

Malam Habu: Shi ya sa nake cewa jagora ya fara duba gidajen da ba nasa ba kafin nasa. Ya fara da baƙin gida, ya tambayi kansa ko kalmar nan tana taɓa shi ko da kaɗan. Sannan na abokan karawa. Sai a ƙarshe ya ƙirga nasa.

Sadiƙ: Kalmar da ta fi kowacce cutarwa ita ce Vienna, babban birnin ƙasar Austria.

Binta: Sosai. Haydn, Mozart, Beethoven, Schubert, Brahms, Mahler, Johann Strauss, duk sun zauna a can. Kamar ka shiga kasuwa ne ka kira "Malam", rabin mutane su waigo. Sunan ƙasa ma haka yake. "Rasha" ko "Jamus" yana yi ne kawai in allon ya ba ka sa'a.

Sadiƙ: To lambobi fa? An yarda jagora ya ce "1685"?

Malam Habu: Wannan sai an yanke shi kafin a fara, in ba haka ba rigima ce. Ni ina goyon bayan a yarda, domin sani ne na gaske. Bach da Handel duk a 1685 aka haife su. Amma mai shirya allo ya saka Domenico Scarlatti, wanda shi ma haihuwar shekarar ne, don kada abin ya zama kyauta. Abin da ba na yarda da shi shi ne harafin farko, ko yawan haruffan suna, ko matsayin gida a kan allo. Wannan bai shafi kiɗa ba.

Binta: Kuma a rubuta suna cikakke. "Strauss" kawai ba ya isa, domin Richard Strauss ba dangin Johann ba ne, kiɗansu ma ya yi hannun riga. In an sa su biyun a allo ɗaya, da sunan farko, wasan ya fi armashi.

Sadiƙ: Yaya Binta, in rabin abokan sunaye biyar kawai suka sani fa?

Binta: Sai a rage allon zuwa gida 16, huɗu huɗu: ɓangaren farko 6, na biyu 5, na banza 4, baƙi 1. A tura sunayen kwana ɗaya kafin wasa, kowane da layi biyu na bayani da kiɗa ɗaya da za a saurara. A zaɓi masu alama bayyananniya. Vivaldi limamin coci ne mai jan gashi a Venice, shi ya yi kiɗan lokuta huɗu na shekara da aka buga a 1725. Tchaikovsky yana da kiɗa mai suna 1812 da ake harba igwa a ciki. Ravel yana da Boléro na 1928, inda ƙaramar ganga ke maimaita salo ɗaya tun farko har ƙarshe. Holst yana da kiɗan duniyoyi bakwai, ban da tamu. Ina son a saka Fela Sowande, ɗan Najeriya mai kaɗa ogan wanda ya tsara African Suite, da Samuel Coleridge-Taylor, haifaffen Landan a 1875 wanda mahaifinsa ɗan Saliyo ne. Da su a allo, "Afirka, biyu" ta zama kalma mai aiki. Kuma a raba masanan, kada su taru a ɓangare ɗaya.

Malam Habu: Jagora kuma ya auna sanin mutanensa. Kalma mai zurfi da babu wanda zai gane ta asarar zagaye ce.

Sadiƙ: Bari in taɓa zagayen sauti, don mutane na sonsa. Kowane ɓangare yana da dama ɗaya a wasa ya musanya kalma da kiɗa na daƙiƙa 10. Matsala ta farko, Zoom yana ɗaukar kiɗa a matsayin hayaniya, sai ya danne shi, musamman dogon sautin goge. Kada a kara waya a bakin makirfo. A latsa wurin raba sautin kwamfuta kai tsaye, kowa kuma ya rufe makirfonsa. Ta biyu, in daga YouTube aka kunna kuma ana haska allo, sunan kiɗan na nan rubuce ɓaro-ɓaro, don haka sauti kaɗai za a raba. Ta uku, manhajar waya mai suna Shazam tana gane kiɗa cikin 'yan daƙiƙu, sai an yi alkawarin ajiye wayoyi.

Binta: Daga ina za a yanko daƙiƙa goman?

Sadiƙ: Ya danganta da ƙarfin 'yan wasan. Bugu huɗun da suka buɗe simfoni na biyar na Beethoven, wato doguwar tsararriyar kiɗa ta babbar ƙungiyar makaɗa, ko yaro ya san su. Ga masana, a yanko daga tsakiyar kashi na biyu, inda kiɗan ya lafa.

Malam Habu: Kuma in za a yi rige-rigen amsa, a rubuta a akwatin saƙo. Sauti ba ya isa kunnen kowa lokaci ɗaya, mai intanet mai ƙarfi zai riƙa riga kowa da baki. A rubuce kuwa alƙali yana ganin jerin yadda amsoshin suka shigo, ko da yake hakan ma bai kawar da bambancin gaba ɗaya ba.

Binta: To ga aikin gida. A allo akwai Bach, Handel, Scarlatti, Vivaldi da Haydn. Jagora ya ce "makanta, biyu". Su wa yake nufi, kuma wane likita ne ya yi musu aikin ido su biyun? Ku turo amsa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.