Ɗaukar 'yan wasa a College Football 25: ƙaramar jami'a, matsakaiciya da babba

Jama'a, barkanmu da warhaka. Yau muna kan College Football 25, wasan bidiyo na ƙwallon Amurka (American football) na jami'o'i da EA Sports ya fitar a Yulin 2024, ɓangaren Dynasty, inda kake zama kocin ƙungiyar jami'a, wanda ake bugawa da abokai ta intanet. Jami'o'i 134 ne a ciki, kuma dabarar da ke yi wa babbar jami'a kamar Georgia aiki ita ce za ta karya ƙarama kamar Kennesaw State.

Jarinka a nan awoyin neman 'yan wasa ne, kuma da taurari ake auna darajar jami'a da ta yaro. Jami'a mai taurari biyar tana samun awa 1,000 a mako, mai tauraro ɗaya ba ta kai rabin haka ba. Allonka, wato jerin waɗanda kake nema, na ɗaukar yara 35, kuma awa 50 ce iyakar abin da za ka zuba wa yaro guda, sai dai in ka buɗe wa kocinka ƙarin ƙwarewa. Leƙa shafukansa na sada zumunta awa 5 ne, saƙon kai tsaye 10, tuntuɓar dangi da abokai 25, Send the House kuwa, wato matsa wa yaro da dukkan ƙarfi, 50 cif. To yi lissafi: babba zai iya matsa wa yara 20 lamba a lokaci guda, ƙarami ko goma ba zai iya ba.

Saboda haka in ƙaramar jami'a ka riƙe, kada ka cika allo don kawai akwai gurbi. Wanda ya raba awa biyar-biyar kan yara 35 zai wayi gari ba ya kan gaba a wurin kowa. Nemi masu taurari uku da babu wanda ya yi musu tayin gurbin karatu, musamman daga yankunan da jami'arka ke da hanyar samun yara, wato Pipeline. Bincike na cin awa 10 duk zagaye, kuma a nan ya cancanci kuɗinsa: koren lu'ulu'u na nufin yaron ya fi taurarinsa, ja kuwa na nufin bai kai su ba, ka cire shi nan take. Sannan ka riƙa komawa jerin duk yaran da ake nema bayan makonnin farko. Akan samu masu taurari huɗu da manya suka tsallake, kuma su ne ke sauya ƙungiya.

Matsakaiciya ta fi wuya, domin tana jawo kwaɗayi. Sunanka zai fito a jerin babban yaro, ka zuba awa 50 mako shida, daga ƙarshe Ohio State ta ɗauke shi. Kafin ka shiga faɗa, duba sharaɗin da yaron ba ya sassautawa. In ɗaukakar rukunin gasa yake so kai kuma kana ƙaramin rukuni kamar MAC ko Sun Belt, bar shi. In damar buga wasa ce ko kusanci da gida, nan kake da ƙarfi.

Da yaro ya rage jerinsa zuwa jami'o'i biyar, sai Hard Sell, wato tallata masa jami'arka da ƙarfi, mai awa 40, da gayyatarsa ziyara su buɗe. Kada ka taɓa Hard Sell sai ka gano abubuwa ukun da ya damu da su, kuma makin jami'arka a kansu na da kyau, domin tallata abin da kake da rauni a kai baya yake mayar da kai. Ziyara ma awa 40 ce, yara huɗu a wasan gida ɗaya. Zaɓi wasan da za ka ci. Haɗa mai jefa ƙwallo da mai cafewa a rana guda, amma kada ka gayyato masu neman gurbi ɗaya tare.

Babbar jami'a kuwa matsalarta cunkoso. 'Yan wasa 85 kawai za ka riƙe, kuma wanda ka ɗauko da alkawarin wasa ya ƙare a benci zai shiga kasuwar sauya makaranta a ƙarshen kaka. Duba waɗanda za su kammala da waɗanda za su tafi NFL, gasar ƙwararru, tukuna, sannan ka ɗauki daidai gurbin da zai buɗe.