Amsoshin Tambayoyinku: me ya haɗa kaza, talauci, waƙa da tsingaro a jami'a?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wasiƙa ta farko daga wata baiwar Allah ce mai kiwon kaji, kuma da alama ranta a ɓace ta rubuto. Tace ta ji ana ta cewa jami'o'i suna bincike kan waƙa da fasassun tukwanen mutanen da, alhali ita kajinta na mutuwa, wai wannan ba ɓarnar kuɗi bane?

Hajiya Allah ya mayar da alheri, kuma wallahi kina da gaskiya ki tambaya. Bari mu fara da kajin. Cutar da tafi share kajin gida a duniya ita ce Niyukasil, wadda aka fara ganewa a 1926 a tsibirin Jaba na Indonesiya da kuma garin Niyukasil na Ingila. Zaki ga kaza tana koren zawo, numfashi da ƙyar, wuya ya murɗe tana juyi wuri ɗaya, kafin kice me garken ya ƙare. Ba ta da magani in ta kama, kafso ɗin nan da ake jiƙawa a ruwa ba ya kashe ƙwayar bairos da ke kawo ta, sai dai rigakafi. Toh matsalar da aka daɗe ana fama da ita shine maganin rigakafin yana son sanyi, in babu firji ya lalace a hanya. Masu bincike a Jami'ar Kwinsland ta Ostareliya, ƙarƙashin Farfesa Peter Spradbrow, su suka fito da nau'in da ake kira I-2 mai jure zafi na ɗan lokaci, ɗigo ɗaya a idon kaza, a maimaita bayan wata uku zuwa huɗu.

Ya aka yi aka san yana aiki? Nan ne fa nake so kowa ya buɗe kunne. Ana raba 'yan tsaki gida biyu, a ɗiga wa rukuni ɗaya a bar ɗayan haka nan, sannan a sa musu cutar da gangan a killataccen ɗaki a zauna a ƙirga. In ba a bar wancan rukuni na biyu ba, duk wanda kajinsa suka tsira zai ce dabararsa ce ta yi aiki, alhali ƙila cutar ce ba ta biyo ta gidansa ba.

Wani malamin makaranta kuma ya rubuto yace shi fa bai gane yadda za a yi gwaji da talauci ba, mutane ai ba kaji bane. Malam haka ne, shi yasa ba wanda ake sa wa talauci da gangan, abin da ake yi shine in tallafi ba zai ishi kowa ba sai a jefa ƙuri'a a zaɓi waɗanda za su samu, daga baya a kwatanta su da waɗanda basu samu ba. Wannan hanya ce ta sa Abhijit Banerjee da Esther Duflo da Michael Kremer suka ci kyautar Nobel a 2019. A 2015 an wallafa wani babban gwaji da aka yi da gidaje sama da 10,000 a ƙasashe shida, Habasha, Ghana, Hondaras, Indiya, Pakistan da Peru, aka ba matalauta jari, yawanci dabbobi, da horo da ɗan tallafin abinci da hanyar ajiya. A ƙasashe biyar abin ya biya kuɗinsa. Hondaras ce ta fita daban, kun san dalili? Kaji aka ba yawancin gidajen, cuta ta shigo ta kashe da yawa daga cikinsu. Hajiya kin ga inda tambayarki ta haɗu da ta malam, mai binciken talauci da bai san ciwon kaza ba aikinsa na iya rushewa cikin sati guda. Kuma abin da ya burge ni, basu ɓoye faɗuwar ba, sun rubuta ta yadda take.

Sai batun waƙa, wani ɗalibi yace ta ina waƙa ke shiga ɗakin gwaji? Tsakanin 1933 da 1935 Milman Parry na Jami'ar Habad ya tafi tsohuwar Yugoslabiya da na'urar ɗaukar murya, yana sa mawaƙin baka ya rera doguwar waƙa, bayan wani lokaci ya sake sa shi ya maimaita. Mawaƙin zai dage cewa daidai ya maimaita ba ragi ba ƙari, amma in aka jera faifan sai a ga ba haka bane, sabuwa yake ginawa kowane karo da wasu jimloli da ya riga ya mallaka. Daga nan aka fahimci yadda mutum ke riƙe dubban baitoci ba tare da rubutu ba. A 2000 kuma wasu masana halayyar ɗan adam a Amurka sun gwada mutane da zantukan hikima, wasu masu amsa-amo wasu an cire musu shi ma'ana tana nan, sai mutane suka fi gaskata masu amsa-amon. Duk mai son isar da saƙon rigakafi ya kamata ya san wannan, haka ma wanda baya so a yaudare shi da daɗin baki.

Tukwane kuwa, ni nan ne nake jin daɗin labarin. Yumɓun da ba a shafe ba yana shan maiƙon abin da aka dafa a ciki, kuma maiƙon yana iya zama shekaru dubbai. Sai a kankare bayan tsingaro, a daka ɗan guntu ya zama gari, a jiƙa da sinadari a sa a na'ura ta fayyace ko kitsen dabba ne ko madara ko ganye. Don kada su yi shaci-faɗi har sabbin tukwane suke ginawa su yi girki a ciki su binne, daga baya su tono su ga me ya rage. Da haka masu bincike na Jami'ar Biristol suka nuna a 2012 cewa ana tatsar shanu a Saharar Libiya kusan shekara 7,000 da suka wuce, lokacin tana kore. A 2021 kuma tare da Jami'ar Goethe ta Jamus suka duba tsingaro sama da 450 na al'ummar Nok, mutanen da na tsakiyar Najeriya, inda ƙasa ta cinye ƙasusuwa babu abin da zai faɗi irin dabbobin da suke ci, sai ga kakin zuma a jikin tukwanen, shaidar cewa shekara 3,500 baya suna ɗibar zuma.

Hajiya kafin mu tafi, kajin da suka rage miki a ware marasa lafiya, a binne waɗanda suka mutu da zurfi, kada a kawo sababbi yanzu, kuma ki nemi likitan dabbobi ya duba kafin a yi rigakafi domin lafiyayyu ake yi wa.