Amsoshin Tambayoyinku: ƙarfen nan mai hannu da ke gindin jita, a sa ko a bari?

Mai gabatarwa: To jama'a barkanmu da war haka, ga mu kuma a filin amsoshin tambayoyinku daga nan Jos, yau na masu kaɗe-kaɗe ne kamar yadda muka yi alkawari makon jiya. Saƙonni kam sun taru, kuma minti sha biyar kacal aka ba mu, wanda bai ji nashi ba don Allah kar ya riƙe ni a zuciya. Baba mai gyaran jita yana nan, ya shigo da hular sanyi har kunne, ga wata tsohuwar jita ya rungume ta kamar jaririya. Baba sannu da zuwa, ya sanyi?

Baba: Lokacinsa ne 'yata. Sannunku da aiki.

Mai gabatarwa: Bari mu fara da gajeru. Wani daga Farin Gada yace sau nawa ya kamata ya canja wayoyin jita?

Baba: In kana kaɗawa kowane mako, wata biyu zuwa uku sun isa. Kuma ka riƙa goge su da ƙyalle in ka gama, gumi ne ke cinye su.

Mai gabatarwa: Ka ji ko, ba sai ta tsinke ta fyaɗe ka a ido ba. Wata baiwar Allah daga Rikkos tace maigidanta sai ƙarfe sha biyun dare yake kunna amfilifaya yara ba sa barci. Hajiya wannan ba ta Baba ba ce, tawa ce, ki saya mishi hedifon ki ajiye kusa da abincinsa, zai gane. Sai wani daga Tudun Wada yace in yana riƙe da jita ya taɓa makirfo da baki sai wuta ta ja shi kaɗan, wai ko hakan ba komai?

Baba: Da komai! Wannan ba abin wasa ba ne, wayarin ɗin wurin ne ba a yi mishi at ba, wato wayar da ke kai wuta cikin ƙasa, ko kuma wani ya karya ƙafa ta uku ta filogin amfilifaya don ta shiga soket. A kira mai gyaran wuta kafin Lahadi, kar ka sake kaɗawa a haka, mutane sun mutu ta wannan hanyar.

Mai gabatarwa: Ka ji da kunnenka, kafin Lahadi. To yanzu ga wadda ta fi yawa, saƙo ya fi goma duk magana ɗaya, daga Bukuru, Anguwan Rukuba, har da wani daga Pankshin. Bari in karanta ɗaya ya wakilci sauran. Yace: "Anti ina gaisuwa. Ina kaɗa jitar lid a kwayar cocinmu a Bukuru kuma ina bin ban ɗin makaɗa zuwa biki. Ina ganin jitocin da a YouTube da wani farin ƙarfe a gindi mai hannu kamar ludayi, in an taɓa sai sauti ya yi ta rawa. Wani zai sayar min da na hannu, yace kafinta ma zai iya ɗaura min. Amma abokina yace in na sa, saitin wayoyi ba zai sake zama ba har abada. Jita ɗaya gare ni. In sa ko in bari?" Baba bismillah.

Baba: Ai shi ya sa na ɗauko wannan tsohuwar. Abin da yake nufi sunansa Bigsby. Sunan mutum ne fa, Paul Bigsby, wani Ba'amurke a Kalifoniya, kuma abin da zai ba ki mamaki asalinsa ba makaɗi ba ne na kirki, makanikin babur ne, ya yi aiki a kamfanin babur na Crocker. Irin mutanen nan ne da in ka ce musu abu ba ya gyaruwa sai su ce kawo. A 1948 ya ƙera wa wani mawaƙi Merle Travis jita, daga nan a farkon shekarun 1950 ya fito da wannan ƙarfen. Kin ga ya girme ni. Kamfanin ma ya yi ta canja hannu, kamfanin jita na Gretsch sun saya a 1999, na Fender kuma suka karɓa a 2019. Mu lokacin da muke yara muna leƙen ban a otal-otal ta taga, ba kuɗin shiga, in ka ga jita da wannan abin yana walƙiya a ƙarƙashin fitila...

Mai gabatarwa: Baba, Baba. Ya sa ko ya bari?

Baba: Ina zuwa 'yata, ba a yi wa mai gyara gaggawa. Sai ya san yadda abin ke aiki tukuna. Duba nan. Kin ga wannan sandar ƙarfen da ta gitta? Akwai 'yan ƙusoshi shida ƙanana a jikinta, kowace waya ana maƙala ƙwallon bakinta a ƙusa ɗaya, ta zagayo sandar ta wuce kan birij, abin da masu garaya ke ce wa jaki, ta tafi har wuya. Hannun nan kuma yana zaune kan sifirin guda ɗaya tak. In na danna hannun, sandar ta ɗan juya, wayoyi su saki, sauti ya sauka. Na saki, sifirin ya mayar. Shi ke nan fa, babu wani sihiri. Saurara.

Mai gabatarwa: Kai! Masu sauraro kun ji? Kamar ruwa ne aka jefa wa tsakuwa.

Baba: To wannan shi ne amfaninsa na farko kuma babba, taushi. Ka kama kod ɗinka, wayoyi duka shida, ka lallaɓa hannun, duk su yi rawa tare, abin da yatsa ba zai iya ba, yatsa waya ɗaya ko biyu yake girgizawa. A waƙar sujada mai sanyi, ko lokacin da amarya ke shigowa ana tafiya a hankali, wallahi ba abin da ya kai shi. Mutane irin su Chet Atkins da Duane Eddy da shi suka yi suna, Neil Young ma tsohuwar Les Paul ɗinsa baƙa tana da shi. Na biyu, a saman jita yake zama. Ba kamar na jitar Stratocaster ba da Fender ya fitar a 1954, wanda sai an faffake katako ta baya an zuba sifirin uku ko biyar a ciki. Na uku, kyau. Kar mu yi wa juna ƙarya, rabin masu tambayar nan kyan ne ya ja su.

Mai gabatarwa: Ai ni ma da na gan shi sai da na ji ina son koyon jita.

Baba: Kin gani. To ga ɗaya gefen. Ba ya nisa. Iyakarsa kamar ka sauka firet ɗaya, wato gaɓa ɗaya ta wuyan jita, in ka matsa sosai biyu. Yaran nan masu son jita ta yi kuka kamar jirgi zai faɗi, wannan ba naku ba ne, naku wani ƙarfen ne, Floyd Rose, da ya fito ƙarshen shekarun 1970, shi yana kulle waya gaba da baya. Ka ce za ka yi wa Bigsby irin wannan dannar, to abokinka ya yi gaskiya, saiti ya tafi.

Mai gabatarwa: Yawwa nan nake so mu tsaya don nan ne kowa ya tambaya. Abokin nashi gaskiya ya faɗa ko sharri ne?

Baba: Rabi da rabi. Ƙarfen ake zagi amma yawanci ba laifinsa ba ne. Waya ce take tafiya gaba ta dawo, ko? To duk inda ta bi in akwai wurin da ya cije ta, ba za ta dawo daidai inda ta taso ba. Wuri na farko ɗan farin ƙashin nan da ke saman wuya mai tsaga shida. In tsagar ta matse, kana saiti za ka ji "ƙing", wannan ƙarar ita ce waya ta maƙale ta kuɓuce. Waya ta uku ta fi kowa wannan hali, musamman a jita mai maɗauri uku nan uku can, don a karkace take shiga. Ba ni fensir ɗin nan naki. Kin ga, sai ka ɗaga waya ka goga bakin fensir a cikin tsagar har ta yi baƙi, shi ke sa santsi. Wuri na biyu birij, in bakinsa na da kaifi waya na gogawa, akwai birij mai 'yan tayoyi da ake sayarwa don wannan. Na uku yadda ake naɗa waya, wasu sai su naɗa ta sau takwas kamar zaren lilo, zagaye biyu ko uku ya isa, kuma sabuwar waya ka ja ta da hannu ka sake saiti, ka ja ka sake, har ta daina sauka.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita don na Pankshin da rediyonsa ke shuu. Fensir a tsagar ƙashi, birij mara kaifi, naɗi biyu ko uku, a ja sabuwar waya. Haka ne Baba?

Baba: Haka ne. Kuma don Allah banda man ja, banda baƙin mai. An taɓa kawo min wata an zuba mata man gyaɗa, ƙurar hunturu ta bi ta zama kamar ƙuli-ƙuli. In za ka sa mai, ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a inda sandar ke juyawa, ka goge saura. Sannan garin nan namu ma yana da nashi, ka fito da jita daga ɗaki mai ɗumi ka shiga coci ƙarfe shida na safe a watan Disamba, ko da ƙarfen ko babu sai ta goce, ka bar ta ta sha iskar wurin minti goma kafin ka saita.

Mai gabatarwa: To canja waya fa? Wani daga Anguwan Rukuba yace ya kusa kuka.

Baba: Ni ma na kusa. Wani biki a Bukuru, dare, ana tsakiyar rawa waya ta ɗaya ta tsinke min. Abu na farko, in ɗaya ta tsinke sifirin ya samu sauƙi sai ya tura, sauran biyar ɗin duk su hau sama, ba ka da jita ke nan sai ka gyara. Na tsuguna bayan sifika, yaro na haska min tocila, in maƙala ƙwallon a ƙusa in kai hannu wuya sai in ji ƙwal ya faɗo, sau huɗu, yatsu sun ƙage da sanyi, mai ganga yana ta harara ta. Daga baya na koyi dabara. Ka lanƙwasa bakin wayar da filaya ta zama kamar ƙugiya kafin ka sa, ka cusa ɗan guntun soson katifa a ƙarƙashi ya danne ta, in kana da kafo, ɗan abin nan mai matse wayoyi, ka maƙe wayar a wuya, sai ka naɗa hankalinka kwance. Kuma ɗaya bayan ɗaya, kar ka kwance duka shida, sifirin zai iya faɗowa ya gangara ƙarƙashin kujera, a manyan jitoci masu rami ma birij ɗin ba a ɗaure yake ba, waya ce ke riƙe shi.

Mai gabatarwa: Saura minti huɗu. Maganar kafinta.

Baba: Kafinta ya yi ƙofa, ya bar jita. Ba raini ba ne. Ƙarfen nan kala-kala ne, B5 na jita mai shimfiɗaɗɗen gaba ne irin Telecaster da SG, B7 na mai tudu ne irin Les Paul, B6 na manya masu rami.

Mai gabatarwa: Baba wannan ai kamar lambar mota.

Baba: To in ka sayi wanda ba na jitarka ba fa? B5 sukuru huɗu ake huda mishi a fuskar jita, in ya karkace ko da kaurin ashana ne wayoyi ba za su bi tsakiyar wuya ba, kuma rami ba ya komawa, ranar da za ka sayar sai an rage maka kuɗi. Akwai wani faranti da ake kira Vibramate da ke hawa kan ramukan da jita ta zo da su, ba huda, in jitarka irin wadda ya dace da ita ce. Sannan ka duba na hannun da za a sayar maka, akwai na asali, akwai wanda aka yi da izininsu mai sauƙin kuɗi, akwai kuma jabu da hannunsa ke lilo, ka danna ka ga ko yana dawowa da kansa. Yana ƙara nauyi kaɗan, kuma wata jakar ba ta rufuwa sai ka juya hannun baya.

Mai gabatarwa: Ni dai in ka tambaye ni ƙanena na Bukuru, kuma ka tambaye ni tunda Anti ka rubuta, jita ɗaya gare ka, ita ce cocinka ita ce abincinka, kar ka huda ta don ka ga abu a YouTube. Ka je wurin mai irinta ka roƙa ka kaɗa awa ɗaya, ka canja waya ɗaya da hannunka, in har bayan nan kana so to ka tara kuɗi ka sayi wadda ta zo da shi daga kamfani.

Baba: Ko ya kawo min in gani. Amma ya fara koyon girgiza da yatsa. Marigayi Ɗan Maraya Jos tsirkiya ɗaya ce a kuntiginsa, har ya rasu a 2015 ba wanda ya ce sautinsa ya gaza. Ni a zamaninmu...

Mai gabatarwa: Baba zamaninku sai mako mai zuwa, ga mai labarai can yana nuna min agogo ta gilashi. Ɗaya ta ƙarshe, wani ɗalibi daga Naraguta yace tiremolo ne sunan ko bibrato, sun yi musu har da caca.

Baba: Bibrato ne, don sauti ke hawa da sauka. Tiremolo ƙara ce ke raguwa tana ƙaruwa. Fender ne ya sa wa nashi suna tiremolo sunan ya bi duniya.

Mai gabatarwa: Wanda ya ci ya sayi shayi, caca kuma ku daina. Wanda ya turo yana tambaya ko ina da aure, wannan ba filinsa ba ne, kuma na gane lambarka, karo na uku ke nan. Sauran saƙonnin na ajiye su. Baba mun gode, Allah ya ƙara lafiya, a gaida Mama. Tsaya, fensir ɗina Baba, na gan shi a bayan kunnenka.