Jarrabawar Aji Uku da 'Ya'yanmu: Jawabi a Taron 'Yan Nijar Mazauna Kaduna

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaba, iyayenmu dattawa, malamanmu, iyaye mata, da matasanmu, barkanmu da wannan zama. Na ga waɗanda suka taso tun daga Rigasa da Mando, na ga mutanen Kawo da na Tudun Wada, wasu rufe shago suka yi don su zo. Allah ya saka da alheri, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Kwamitin ilimi ne ya ɗora mini in yi magana a kan jarrabawar da yaranmu ke rubutawa a ƙarshen aji uku na ƙaramar sakandare, wadda ake kira BECE, da kuma yadda yaro ke hawa daga aji zuwa aji a makarantun wannan jiha.

Duk wanda ya taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, a gida Nijar, a Maraɗi ne ko Damagaram ko Tawa ko Doso, tsari ɗaya ya sani. Shekara 6 a firamare, daga ajin CI zuwa na CM2, sai shekara 4 a koleji, ƙaramar sakandare ke nan, a yi jarrabawar burbe, sai shekara 3 a lise, babbar sakandare, a yi jarrabawar bak. Kuma ya san 10 bisa 20, makin da ake nema kafin a ce yaro ya ci. Wanda makinsa ya gaza sosai ya maimaita aji, wanda ya yi ta maimaitawa a sallame shi. Tsari ne mai tsanani, ya zubar da yara da yawa a hanya, har da masu kaifin ƙwaƙwalwa, don haka ba dukansa nake yabo ba. Amma ya dasa mana wata fahimta a zuciya: in an ce ɗanka ya hau aji, to ci ya yi. Da wannan fahimtar muka ƙetaro, kuma ita ce ke cutar da mu a nan.

A Najeriya shekara 6 ne a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babba. A 1999 Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato, aka yi masa doka a 2004, wadda ta mai da shekaru 9 na farko tilas kuma kyauta a makarantun gwamnati, har ta tanadi hukunci ga uban da ya ƙi kai ɗansa. Manufar ita ce kada yaro ya fita kafin ya cika shekarun nan. Manufa ce mai kyau, mu ma muna cin moriyarta, domin ba a hana 'ya'yanmu kujera. Sai dai ku leƙa aji ɗaya a unguwa mai cunkoso irin Rigasa ku ga yawan yaran da ke gaban malami guda. In ya riƙe waɗanda ba su iya ba, ga sababbi na tahowa daga firamare, a ina zai zaunar da su? Shi ya sa a makarantu da yawa yaro ke tafiya tare da sa'o'insa, ya iya ko bai iya ba. Wasu makarantun kuɗi kuma tsoro suke ji: in suka ce yaro ya maimaita, uban zai ɗauke shi ya kai wa maƙwabtansu.

Mu baƙi ne, ba mu zo zargin masu masaukinmu ba. Gwamnatin jihar da kanta ta fito da matsalar fili a 2017, lokacin Gwamna Nasir El-Rufa'i, da ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 gwaji da tambayoyin 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa samun kashi 75 da aka gindaya. An yi ta muhawara kan sallamarsu, kowa da ra'ayinsa. Abin da ya shafe mu shi ne, yaran da ke ƙananan azuzuwa a wancan lokacin su ne a sakandare yanzu, kuma namu na cikinsu.

To a ƙarshen aji uku sai yaro ya gamu da takardar da ba malaminsa ne ya tsara ta ba. Ta makarantun jiha, hukumar tabbatar da ingancin makarantu ta Jihar Kaduna ce ke shirya ta, tambaya iri ɗaya daga Zariya har Kafanchan. Akwai kuma ta NECO, hukumar jarrabawa ta ƙasa da ke da hedikwata a Minna, wadda kwalejojin gwamnatin tarayya irin ta Malali da wasu makarantun kuɗi ke rubutawa. Ina roƙon kowane uba ya tambaya tun farkon shekara: wacce aka yi wa ɗana rajista, kuma ina shaidar rajistar? Darussan suna da yawa, har da Hausa da Faransanci da ilimin addini, inda yaranmu kan yi zarra, amma Turanci da lissafi su ne ƙashin bayanta. Ita NECO har zama na biyu take shirya wa waɗanda suka faɗi waɗannan biyun. Da sakamakon nan ake shiga babbar sakandare, kuma galibi ana duba shi wajen raba yara zuwa ajin kimiyya ko na kasuwanci ko na adabi. Yarinyar da ke cewa likita za ta zama, a nan ake fara buɗe mata ƙofa ko a rufe.

Wani ɗan'uwanmu mai sayar da shayi ya kawo mini takardun sakamakon ɗansa na zango-zango, duka an rubuta ya ci, ya hau. Na miƙa wa yaron littafin Turancinsa na aji biyu, na buɗe shafin da ba su kai ba, na ce ya karanta. Ya yi layi biyu ya tsaya. Na ce ya gaya mana da Hausa abin da ya karanta, ya sunkuyar da kai. Wannan yaro kuwa shi ke riƙe kuɗi a teburin ubansa da daddare, ya haɗa kuɗin shayi da burodi da ƙwai na mutum biyar a ka, ya ba da canji ba kuskure. Lissafi bai gagare shi ba. Tambayar ce ke zuwa da Turanci, shi kuma bai gane me ake nema ba. Uban bai yi sakaci da kuɗin makaranta ba ko sau ɗaya. Ya dai gaskata takarda, kamar yadda da ma aka saba a gida.

Wannan gwajin kowa zai iya yinsa a tsakar gidansa, ko da bai yi boko ba. Ki ba shi littafinsa, Hajiya, ki ce ya karanta da ƙarfi, sannan ya ba ki labarin da Hausa. Kunnenki zai bambance mai karatu da mai hadda, kamar yadda kike ganewa in yana biya allonsa. In kina shakka, kira wani ɗalibi babba a unguwa ya saurara. Kuma a yi shi tun yaro yana aji ɗaya, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai laifin da namu ne, dattawa su yi mini afuwa in faɗa. Tafiye-tafiyenmu. A nan ba jarrabawar ƙarshe kaɗai ake lissafawa ba, akwai makin gwaje-gwajen da ake yi a cikin zango, wanda malamai ke kira CA, kuma yana shiga cikin sakamako. Damina na sauka, mu ɗauki yaro a watan Yuni mu tura shi ƙauye noma, alhali zango na uku bai ƙare ba, babban hutu sai wajen ƙarshen Yuli. Babbar Sallah ta zo, a tafi da niyyar mako ɗaya, a yi wata. Biki ya taso a Tasawa, a tafi da 'yammata duka. Mun kuma ga abin da ya faru bayan an rufe iyaka a 2023, ba a buɗe ba sai Maris na 2024, yadda dawowa ta yi wa wasu iyalai wuya. Zumunci wajibi ne, noma kuma shi ke ciyar da iyayenmu. Amma ɗan aji uku, don girman Allah, a bar shi ya zauna wuri ɗaya har ya ajiye biro a takardar ƙarshe. In ya zama dole a tafi, gidajenmu suna da yawa a garin nan, wani ya riƙe shi.

Haka yaron da aka ɗauko daga koleji a gida aka kawo nan. Shekarunsa ake dubawa a ce ya shiga aji biyu ko uku, ga shi duk karatunsa da Faransanci ya yi. Gara ya koma baya da aji ɗaya ya kama Turanci. Ai ko da ma tsarin gida shekara 13 ne, na nan 12, bai yi asarar komai ba.

Sai batun maimaita aji. Ra'ayina shi ne, in yaro yana aji ɗaya ko biyu bai iya karanta littafinsa ba, uba ya je da kansa wurin shugaban makaranta ya nemi a bar shi ya maimaita. Amma in za a mai da shi kujerar da ya bari, cikin cunkoson da ya bari, ba wanda zai zauna da shi da yamma, to an ƙara masa kunya ne kawai, kuma irin wannan kunyar ce ke kai yaro tasha. Maimaitawa sai da ƙarin darasi a gefe. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne a canza wa yaro makaranta don ya tsallake aji, ko a biya kuɗin da ake cewa na taimako ne ranar jarrabawa. Satar amsa haramun ce, laifi ce kuma a dokar ƙasar nan ta 1999. Kuma shekara uku bayan haka WAEC da NECO na jiran yaron a aji shida, ga JAMB ta shiga jami'a da ake yi a kwamfuta.

Ku duba sunan da aka rubuta wa yaro wajen rajista. Takardar haihuwa ta gida ta ce Issoufou ko Aichatou, makaranta ta rubuta Yusuf ko Aisha, ranar haihuwa ma wani lokacin malami ne ya ƙiyasta. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, kuma sunan da ya saɓa tsakanin takardu wahalar gyara gare shi. A daidaita tun yanzu.

Iyaye mata, na san akwai gidajen da ke ganin aji uku ne iyakar karatun 'ya mace. Ba zan shiga gidan kowa in yanke hukunci ba, amma ina roƙo a bar ta ta rubuta jarrabawar ta karɓi takardarta, a kuma yi shawara da ita kan gaba. Yaron da hannunsa ya fi son aiki, akwai kwalejin koyon sana'a ta gwamnati a Malali, inda ake fita da shaidar hukumar jarrabawar sana'a ta NABTEB, kuma can ma sai an gama aji ukun nan.

Abin da kwamiti ke nema daga wannan taro shi ne izinin buɗe ajin Turanci da lissafi ga 'yan ƙaramar sakandare, da yammacin Alhamis da Juma'a, tun da ranakun ne yawancin Islamiyyu ba sa zama. Muna da 'ya'ya a Jami'ar Jihar Kaduna da Kwalejin Fasaha ta Kaduna da suka ce za su koyar, in aka ba su kuɗin mota. Muna bukatar wanda zai ara mana ɗaki ko zaure, ɗaya a ɓangaren Rigasa da Tudun Wada, ɗaya a ɓangaren Kawo, da allo da alli. Sakatare yana bakin ƙofa da takarda. Kafin a tashi, kowane mai ɗa ko 'ya a aji ɗaya zuwa uku ya ba da sunan yaro da ajinsa da unguwarsa, ta haka za mu san malamai nawa za mu nema.

Mai girma shugaba, na mai da magana gare ka. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.