Niyi Osundare: Malamin da Ya Kai Waƙa Kasuwa

Assalamu alaikum. Shugaban zama, malamaina, ɗalibai, ina gaisuwa.

Mawaƙin da na zo da shi yau Bayarabe ne, da Turanci kuma yake rubutu: Farfesa Niyi Osundare. An haife shi a 1947 a Ikere-Ekiti. Ya yi digirin farko a Jami'ar Ibadan, na biyu a Leeds ta Ingila, na uku a Jami'ar York da ke Kanada a 1979, sannan ya dawo Ibadan ya riƙe alli.

To, ina ruwanmu da shi? Ku saurara. Lokacin da ya taso, rubutacciyar waƙar Turanci a Najeriya ta zama ta 'yan boko zalla. Ka karanta baiti sau uku, ka ɗauko ƙamus, ka tashi ba ka tsinci komai ba. Shi kuwa malami ne, ya san darasin da ɗalibi bai gane ba, ba a koyar da shi ba. Sai ya sauko da waƙa inda mutane suke. Littafinsa na 1983 ma sunan kasuwa ya ba shi, Songs of the Marketplace. Ya zuba wa Turanci amon ganga da karin maganar Yarabawa, ya riƙa fitar da waƙa mako-mako a jaridar Sunday Tribune kan tsadar rayuwa da mulkin soja, a zamanin da faɗin haka ke kai mutum gidan yari. Mu da muka saba jin Alhaji Aƙilu Aliyu yana rera tasa a rediyo, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A fagen Turanci kuwa, jan aiki ne. Kada kuma ku ɗauka sauƙin harshe ragwanci ne, domin littafinsa Waiting Laughters ya ci kyautar Noma Award, ta littattafan da aka buga a Afirka, a 1991.

A 1997 ya koma koyarwa a Jami'ar New Orleans ta Amurka. Can guguwar Katrina ta same shi a 2005: shi da maiɗakinsa suka maƙale ƙarƙashin rufin gida fiye da kwana guda, ruwa ya cinye littattafansa da rubutun da bai kai ga bugawa ba. Bai ajiye alƙalami ba. Waƙoƙin wannan masifa suka fito a 2011, cikin City Without People.

Lokaci ya ƙure. Mai tambaya ya ɗaga hannu.