Daga Las Palmas: Saura Mako Uku Mu Kwance Igiya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da kamannina yau, wannan shuɗin da kuke gani a hannuna da gemuna fenti ne. Bari in juya kyamara ku ga dalili.

To, ga gidan namu nan, wato jirgin ruwan da za mu ƙetare Tekun Atalantika da shi, a kan tudu, an tokare shi da ƙarafa. Mita 12 ne tsawonsa, a cikinsa nake kwana nake tashi shekara biyu ke nan. Shekaranjiya injin ɗaga jirage ya tsamo shi daga ruwa a nan Las Palmas, tsibirin Gran Canaria na ƙasar Spain. Da kun ga ƙasansa a ranar, sai kun kau da kai. Gansakuka da ƙananan halittu masu ɓawo sun manne masa tun daga goshi har farfela. Su ne ke cinye gudun jirgi. Muka kankare, muka goge, yanzu muna shafa fenti mai sinadarin tagulla wanda ke hana su sake kamawa.

Ku matso ku ga wannan dunƙulen da ya rududduge. Tutiya ce. Da gangan ake ɗaura ta kusa da farfela, domin ruwan gishiri ya ci ta a maimakon ya ci ƙarfen jirgi. Idan ta ƙare ba ka lura ba, farfelar ce za ta biya bashin.

Wasu suna tambaya, me ya sa muke zaune har yanzu? Lokaci muke jira. Kakar guguwa a Tekun Atalantika tana farawa 1 ga Yuni, ba ta rufewa sai 30 ga Nuwamba. Shi ya sa tashar nan ta cika maƙil, kowa da guduma da sukundireba. A ƙarshen Nuwamba ayarin jiragen ruwa da ake kira ARC ke tashi daga nan zuwa tsibirin Saint Lucia da ke yankin Caribbean, tun 1986 ake wannan ayarin. Mu ba ma cikinsu, amma kusan hanya ɗaya za mu bi: mu gangara kudu maso yamma, wajen Cape Verde, har mu kama iskar da ke kaɗawa daga arewa maso gabas, sannan mu miƙe yamma. Kimanin mil 2,700 na teku ne, kowane mil kuma mita 1,852. A gudunmu, mako uku ke nan ba ƙasa ba tudu. Af, shi kansa Columbus, shahararren matafiyin teku, a 1492 sai da ya tsaya a tsibirin nan aka gyara abin juya akalar jirginsa Pinta. Ashe zaman gyara a nan tsohon abu ne.

Abin da ya hana ni barci kuwa yana sama. Ku ɗaga ido ku ga jigon da ke ɗauke da filafilai. Wayoyin ƙarfe ne ke riƙe da shi ta kowane gefe, kuma ana so a sauya su duk bayan kamar shekara 10. Namu sun kai takwas, na ce za su kai mu. Sai maƙwabcina ya nuna min tasa wayar, sili biyu sun tsinke a daidai bakin mahaɗi, wurin da ido ba ya kaiwa. Gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, ai sai ka nemi ruwa. Na kira mai gyara, ya ce Litinin. Litinin biyu sun wuce, ban ga ƙeyarsa ba.

Sauran ayyukan suna tafiya. An duba kwale-kwalen ceto, rediyo na kama tasha ta 16 ta neman agaji, farantan sola suna cika batir. Ruwan sha ne lissafinsa bai gamsar da ni ba: tankinmu lita 400, mu uku ne, ga teku kewaye da kai amma ko kurɓi ɗaya ba ka iya yi. Jarkoki zan ƙaro, ko da injin tace ruwa ya yi mana tutsu.

Yanzu dai fentin nan yana bushewa a gwangwani ina ta surutu. Da zarar an mayar da mu ruwa jibi, da kaina zan hau jigon nan in duba wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Zan ɗaura kyamarar a goshi, in kuka ga hoto na rawa, ƙafafuna ne.