Milimita 6 da suka ɓata mana taswira 14

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu bibiyata. Yau da ɓacin rai na kunna kyamara, domin abin da kuke hange a kan teburin nan taswira ce har guda 14 masu girman A0, wato babbar takardar zane, waɗanda muka buga jiya da yamma a ofishin safiyon da nake aiki a gabashin ƙasar Holan, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da za a iya fita da ita aiki. Launinsu ya fito, layukansu sun fito tsaf, wanda bai san aikin ba zai yaba. Amma da safiyar nan na ɗora rular ƙarfe a kan layin ma'aunin da ke gindin taswirar, layin da ya kamata ya kai milimita 500, sai na tarar ya tsaya a 494.

Taswirar nan an zana ta a ma'aunin 1:1000, wato kowace milimita a takarda tana wakiltar mita guda a ƙasa, don haka milimita 6 ɗin nan mita 6 ne suka ɓace a cikin 500. Duk wanda ya taɓa sayen fuloti a Kano ko Kaduna ya san faɗin fuloti mai ƙafa 50 bai wuce mita 15 da 'yan kai ba, kuma ya san an sha kai juna gaban alƙali a kan tazarar da ba ta kai taku biyu ba. Musabbabin abin kuwa wani zaɓi ne a cikin manhajar buga takarda, wanda yake rage girman zane domin kada ya shiga gefen da firinta ke bari fari, milimita 5 ta kowane ɓangare. An sabunta manhajar a makon jiya, zaɓin ya koma a kunne, kuma babu wanda ya duba. Ina roƙonku, duk wanda zai buga taswira ya tabbatar girman yana kan kashi 100 cikin 100, sannan ya auna takardar farko da rula kafin ya saki ta biyu.

Ga injin nan a bayana, wanda masu safiyo ke kira fulota. Yana ɗaukar naɗin takarda mai faɗin inci 36, wato milimita 914, kuma takardar A0 faɗinta milimita 841 ne, tsawonta 1189, saboda haka akwai sarari isasshe, babu ma dalilin rage komai. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Wasu daga cikinku sun tambaye ni ko mai inci 24 zai wadatar tunda ya fi araha, kuma amsata ita ce iyakarsa A1, wato rabin A0, ranar da aka kawo maka tsarin unguwa guda za ka koma kana haɗa takardu biyu da salatif, ma'aunin kuma yana gocewa a wurin haɗin. Lokacin da ofishinmu zai sayi wannan, ni aka ɗora wa alhakin zaɓe, kuma ina alfahari da cewa sauran abokan aiki suna kallon kyan launi a samfuran HP da Canon da Epson, ni kuwa na tafi da fayil mai layuka murabba'ai da rulata a jaka, na auna tsaye na auna kwance. Masu ƙera irin waɗannan injuna sukan yi alkawarin kuskure ba zai wuce milimita guda a cikin mita guda ba, kuma wannan lambar ce na fara dubawa kafin na tambayi farashi, wanda ya kama Yuro dubu uku da ɗoriya.

Hoton sama kuwa nasa sha'anin daban ne. A ƙasar nan ana ɗaukar hoton ƙasar gaba ɗaya daga jirgi kowace shekara, a saka shi a intanet kyauta, kuma akwai wanda kowane ɗigo a cikinsa bai kai santimita 10 a ƙasa ba, har kana iya ƙirga kekunan da aka ajiye a ƙofar gida. Ranar da na fara buga irinsa na daɗe a tsaye ina tunanin da Kurmi ce ko Fagge nake kallo haka, da lungunansu da magudanan ruwansu, da yadda aikin masu tsara gari zai sauƙaƙa. Sai dai hoton yana da nauyi: takardar A0 guda mai ɗigo 300 a kowane inci ta haura megabayit 400 idan ba a matse ta ba, kuma injin da ƙwaƙwalwarsa ba ta da yawa zai iya tsayawa a tsakiya ya yanke maka rabin takarda. Haka kuma injin mai tawada kala huɗu yana isar taswirar layuka, amma a hoton sama, inda kwalta da rufin gidaje da inuwa duk launin toka ne iri-iri, mai tawadar toka ta musamman ya fi fitar da bambancin. Takardar ma ba ɗaya ba ce. Mai nauyin giram 80 ko 90 a kowace murabba'in mita tana jiƙewa ta yi kumburi idan hoto ya cika ta da tawada, dole sai mai kauri wadda aka shafe fuskarta.

Tawadar ita ce inda kuɗi ke zurarewa, domin kwalba guda ta kan haura Yuro ɗari, kuma injin yana shan wani kaso wajen wanke kansa ko da ba a buga komai ba. Idan aka bar shi makonni a kashe, tawadar kan bushe a bakin ramukan fesawa, sai fararen layuka su riƙa ratsa hoto. Akwai tawada mai narkewa a ruwa, wadda ɗigon ruwan sama kaɗan ke sa ta malala, kuma a ƙasar da ruwa ke sauka kusan kowane mako ba na yarda a fita fili da ita. Akwai kuma mai ƙwayoyin launi, wadda ta fi jure ruwa da hasken rana.

Wani ƙanena da ya karanta safiyo ya matsa mini in saya masa irin wannan injin na hannu in aika masa gida, ganin yadda hukumomin filaye irin su KADGIS ta Kaduna da KANGIS ta Kano suka sa aikin taswira ya ƙaru. Na ce masa ya fara tanadar ɗaki mai rufe da ƙurar hunturu ba ta shiga, da batirin da zai riƙe injin idan wuta ta ɗauke, domin katsewar wuta a tsakiyar bugu tana cinye takarda da tawada gaba ɗaya, sannan ya tabbatar akwai mai sayar da tawadar wannan samfurin da mai gyaransa a Kano ko Abuja. Na kuma gargaɗe shi cewa takarda tana miƙewa da laimar damina, tana motsewa da bushewar rani, don haka ya riƙa ajiye naɗin a ɗakin injin kwana guda kafin amfani, aikin da ke buƙatar awo na ƙwarai kuma ya buga shi a kan takardar roba mai shara-shara.

Yanzu na kashe wancan zaɓin, na ɗora sabon naɗi, takardar farko tana fitowa. Bari in matso da kyamara kusa da rular mu karanta tare, domin ƙarfe biyu masu aikin fili za su zo karɓa, kuma sauran 13 suna jira.